Na Zaga Tafkin Vättern

Shekara goma sha tara ina bayan tebur a Ödeshög,
ina miƙa wa mahaya burodi da kokwamba mai gishiri.
Sukan sauko ƙafafu na rawa
kamar ɗan maraƙin da aka haifa ɗazu.
Nakan ce a raina: ga hauka mai taya biyu.

Sai Torsten, yayana, ya rasu a Nuwamba,
ya bar min shuɗin keke da bashin lantarki.
Bashin na biya.
Keken ya jingina a bakin ƙofa,
kullum safiya sai kansa ya kamo min rigar sanyi.

Da dusar ƙanƙara ta rufe hanya
na sauke shi ɗakin ƙasa, na kafe shi gaban injin wanki.
Injin na juyi, ina juyi,
babu mai zuwa ko'ina a cikinmu.
Ylva maƙwabciyata ta rage min sirdi da yatsa biyu,
ta huda tiyub da gangan, ta ce, "Gunvor, yi faci in gani."
Sau bakwai.
A na takwas ta yi shiru, ta ɗora shayi.

A Afrilu na fito titi.
Takalmi ya maƙale a feda daidai jar danja,
na kife a hankali, kamar buhun dankali,
gaban yaran da nake dafa wa abinci a makaranta.
Ɗaya ya tafa.

Daren Yuni, ƙarfe tara, Motala.
Dare ne a agogo kawai:
rana ta sunkuya bayan ruwa, ta ƙi kwanciya.
Lamba a ƙirji, ayaba biyu a aljihun baya,
kilomita ɗari uku da 'yan kai,
tafki a hannun dama, kada ya koma hagu.

A Ödeshög na tsaya gaban teburina.
Majken, da muka yi shekara goma muna yanka burodi tare,
ta miƙo min nawa ba ta ɗago ba.
"Saura da yawa," in ji ta, yadda nake faɗa wa mutane.
Ashe haka maganar take da nauyi daga wannan ɓangaren.

Bayan Jönköping hanya ta juya arewa,
iska ta dafe min goshi da tafin hannu.
Ruwa ya sauko. Gwiwar hagu ta fara ƙorafi,
wuya ya amsa, mazaunai suka kai ƙara.
A Hjo motar masu sarewa na tsaye, ƙofa a buɗe,
ɗumi na fitowa, da bargo, da ƙamshin kofi.
Na ɗora ƙafa ɗaya a matakala.

Wani tsoho, Ingemar, mai kwando a gaban keke,
ya ce, "Ba ki ƙare miyarki ba."
Na koma na shanye.
Ya ce, "Bi tayata. Kar ki ƙirga."
Na bi jan fitilarsa har ta zama ba ta da amfani,
har tsuntsaye suka farka a dajin Karlsborg.

Can taya ta sace.
Na ce ya wuce, ya wuce.
Na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, yatsu sun ƙage,
na yi faci na tara.
Ya riƙe.
Torsten, kana gani? Ban yi kuka ba
sai da na gama buga famfo.

Sauran hanyar ban iya ba da labarinta.
Gada, tudu, wani tudun, kaca na kukan mai.
Sannu ba ta hana zuwa,
amma tana sa a san kowane dutse da suna.

Ƙarfe uku na rana, Motala kuma,
inda na baro jiya, ruwan na nan a dama.
Wata yarinya ta rataya min lambar ƙarfe, mara nauyi.
Na sauko.
Ƙafafuna, ɗan maraƙi.

Keken ya koma bakin ƙofa da taɓonsa.
Kwana huɗu ke nan ban wanke shi ba.